Fuskar da na zana a jikin jita

Sana'ata fentin mota ce. A bakin tashar Kaura Namoda rumfata take, kuma duk motar katakon da ka gani da zaki a bayanta tsakanin Shinkafi da Zurmi, idan zakin ya yi kama da zaki, ni na zana shi. Idan ya yi kama da kyanwar da ta sha duka, aikin wancan na bayan gidan mai ne. Mutum kam ba na zanawa. Na daina tun shekarun da malamai suka matsa a kan hoton mai rai, na tsaya ga dabbobi, su ɗin ma ina yi ina istigfari.

Wanda ya sa na karya dokar wani dattijo ne Kirista, mutumin Binuwai, da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Kaura tun ina yaro. Jirgi ya daina zuwa, shi bai koma gida ba. Hausarsa ta fi tawa kama ƙasa, kuma kowa a unguwarmu Baba yake ce masa. Wata safiya ya zo rumfata da dogon baƙin akwati, ya buɗe, sai ga jita mai lantarki, ja, tsohuwa tukuf, fentinta ya koɗe daidai inda hannu ke gogawa. Na san ta. Duk wanda ya yi samartaka a ƙasar nan lokacin da ake biki da janareta ya san ta, amma ba a hannun Baba muka san ta ba.

A hannun wani Bafulatani muka san ta, ɗan wata ruga ta wajen Gurbin Bore. Shanu ya biyo zuwa Kaura, ya ji Baba yana kaɗawa a ƙofar gida, ya tsaya da sandarsa a kafaɗa har shanun suka shiga gonar mutane. Baba ya koya masa, ya wuce Baba, ya kwashe kiɗan garaya na iyayensa ya ɗora a kan tsirkiyar ƙarfe. Baba ya ba shi aron jitar, aron da bai ƙare ba sai da ciwon hanta ya kwantar da shi ya rasu. Ni kaina na yi rawa a gabansa a wani biki a Shinkafi, rawar da har yau ba na so matata ta ji labarinta.

Baba ya ce uwar marigayin tana Zurmi, a wani ɗakin haya a bakin gari, tun da daji ya lalace suka baro ruga da abin da ke jikinsu. Hotunan da ke akwai sun tafi tare da bukkar. Kwanan baya ta ce wa ɗanta da ya rage ta fara manta fuskar babban, idan ta rufe ido sai ta ga rawani kawai. Baba ya ce tun da ya ji maganar bai yi barcin kirki ba. Yana so in zana fuskar a jikin jitar, a kai mata ta rataye.

Na ce da wane hoto? Ya ce babu. Na ce to ni ba boka ba ne. Sai ya ce ai akwai ƙanen marigayin a nan kara, wajen dillalan awaki, kuma kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara.

Haka aka kawo mini ƙanen. Magidanci ne mai 'ya'ya, ba ya son magana, ya daɗe da ajiye malafa da sanda ya koma hula irin ta mutanen gari, saboda zamani ya zo da kamannin mutum kaɗai kan iya jawo masa bala'i. Na rataya tabarma a bayan rumfa don kada 'yan tasha su zo kallo, na naɗa masa rawani yadda marigayin ke naɗawa idan zai yi wasa, ya zauna a kan galan. Baba yana tsaye a kaina yana gyara: hancin ya fi haka tsawo, idon wancan yana dariya, wannan ba ya yi. Na yi iya yina. Amma hannu abin da ido ya gani yake bi, kuma da na gama, mutumin da ke zaune a kan galan ne ya fito.

Sauran kuma halin sana'a ne. Mu masu fentin mota ba mu iya barin fili ba. Na ga wuri ya rage hagu da dama, na sa zaki a kowane gefe, don a wurinmu haka ake girmama abu. Na so in rubuta addu'ar mamaci a ƙasa, Baba ya ce a bari, tsohuwar ba ta karanta boko, fuska take so. Na shafa man ƙyalli, ya bushe. Aikin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, har na ji haushin cewa a ɗaki zai ƙare.

Ƙanen ya so mu tafi daban daban, shi ya riga mu, mu biyo da kayan. Baba ya ce bai san gidan ba, ƙafarsa kuma ba ta yawon tambaya. Ni ma na ce zan bi, ina so in ga idon tsohuwar idan an buɗe. Mutumin ya ce to.

Damina ce, gero ya yi tsawon da zai ɓoye mutum a tsaye har bakin kwalta. A irin wannan lokaci ba a hira a motar Zurmi. Kowa idonsa na kan ganye, direba yana gudu yana kauce wa ramuka, wata mata a gaba tana jan carbi. Akwatin bai shiga but ba saboda buhuna, don haka yana kwance a kan cinyoyinmu mu uku a baya. Mun wuce shingen sojoji lafiya, ko leƙowa ba su yi ba.

Shinge na gaba na 'yan sa-kai ne, mutanen wani ƙauye da suka gaji da binne 'yan'uwansu suka ɗauki bindigar toka suka tare hanya. Gungume suka gitta. Babbansu bai wuce sa'ar ƙanena ba, rigarsa duk layu, idonsa ja irin na wanda ya daɗe bai kwanta ba. Ya zagayo, ya leƙo ta taga, idonsa ya sauka a kan dogon akwatin. Na ga yatsansa ya matsa kusa da kunamar bindiga.

"Mi na ciki?"

"Jita ta, ɗana," in ji Baba. "Abin kiɗi."

Ya ce a fito da shi, a ajiye a ƙasa, mai shi ya buɗe a hankali. Baba ya durƙusa da ƙyar ya buɗe. Da suka ga ba bindiga ba ce sai na ji numfashina ya dawo, har wani daga cikinsu ya yi dariya. Babban bai yi ba. Ya sunkuya yana kallon zanen, ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya dubi cikin mota.

"Kai, Bahillace. Hito. Cire hula."

Ya fito, ya cire. Babban ya ɗaga jitar ya kara ta kusa da kuncin mutumin. Ban taɓa baƙin cikin iya aikina ba sai ranar. Ko tsagar da ke gefen bakinsa ban bari ba.

A shekarun nan babu wayar da ba ta da bidiyon manyan daji: mutum zaune da rawani, yaransa kewaye da makamai, makaɗi durƙushe a gabansa yana ce masa zaki. Abin da idonsu ya saba gani ke nan. Yanzu ga fuska cikin rawani, zaki hagu zaki dama, a jikin abin kiɗa, ga mai fuskar zaune a mota ya nufi gabas. Wane talaka ake zanawa a jikin jita? Da ni ne a bakin shingen nan, ban san abin da zan zata ba.

Na matsa gaba na ce ni na yi zanen, na nuna musu fentin da ke ƙarƙashin farcena. Na ce marigayi ne, wan wannan, makaɗin da iyayensu suka sani. Babban ya tambaya, idan mamaci ne, a ina na ga fuskarsa. Da na yi tunani da na ce daga hoto. Amma gaskiya ce ta riga fitowa, na ce babu hoto, shi ya sa na zaunar da wannan na kwaikwaya.

Ya juya ga mutanensa. "Kun ji da kunnenku. Da bakinai ya ce shi na yaz zana."

Kafin in sake buɗe baki sun kai shi ƙasa. Da robar ɗaure kaya a babur suka ɗaure hannuwansa ta baya, suka ja har gwiwar hannu ta kusa haɗuwa. Bai yi ihu ba, sunan Allah kawai yake kira ƙasa ƙasa. Wani ya jingina jitar a ƙirjinsa, ya ɗaga masa haɓa da bakin bindiga, ya ɗauki hoto da waya. Na ce wallahi zalunci ne wannan, aka sa mini gindin bindiga a kafaɗa, na zauna ba da niyya ba.

Suka koma kan Baba. Suka ce idan shi ne makaɗin, ya kaɗa musu abin da yake kaɗa wa maigidan nasa a daji. Baba ya ce ba ta magana sai da wuta da lasifika. Suka ce ya kaɗa. Ya ɗauka, ya fara wani kiɗan marigayin da ake tashin amarya da shi. Abin da ya fito bai fi kukan sauro ba. Na duba fuskokinsu ko wani zai tuna, amma yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ake wannan kiɗan. Aka ce ya isa.

Babban ya ce direba ya ɗauki sauran mutane ya wuce, har da mu biyu, da Bafulatanin kaɗai suke da magana. Fasinjoji suka shige mota ba wanda ya waiwayo, kuma ban ga laifinsu ba. Baba ya rufe akwatin, ya taka ya je ya zauna a ƙasa kusa da wanda aka ɗaure, ya miƙe ƙafafunsa. Ya ce shi ya sa shi shiga motar nan, inda za a kai shi a kai su tare.

Ni ƙafata ɗaya tana cikin mota. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ina tuna 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Sai direban ya ce, mai fenti shigo mana, ina ruwanka. Wannan kalma ce ta ɓata mini rai. Na fitar da ƙafata, na buga masa ƙofa da ƙarfin da sai da ya zage ni, motar ta tafi. Da ƙararta ta ɓace sai na ji wurin ya yi tsit, na fara tambayar kaina wane irin wawa ne ni.

Suka koma gefe suna shawara, ba su ma rage murya ba. Wasu na cewa a kai shi ga hukuma a Zurmi. Wasu na cewa an sha kaiwa ana sakowa, a shiga da shi cikin gero kawai. Duk wanda ke bin hanyar nan ya san wanda aka shiga da shi cikin gero ba ya fitowa. Ƙanen ma ya ji. Ya juyo da kai ya roƙe ni, idan na koma Kaura, in gaya wa matarsa ta kwashi yara ta tafi wajen 'yan'uwanta, kada ta zauna jiran gawa. Na ce ya daina wannan magana.

Akwai wani mai furfura a cikinsu da tun farko yake zaune a gindin kalgo. Shi ne ya taso ya tsuguna a gaban wanda aka ɗaure, ya tambaye shi a ƙarƙashin wane dillali yake aiki a kara. Ya faɗa. Mai furfurar ya ce ya san shi, ya taɓa sayar masa da raguna, yana da lambarsa. Babban ya ce ɓata lokaci ne. Mai furfurar ya ce a bar shi ya kira, idan ƙarya ce geron ba gudu zai yi ba.

Sabis babu a wurin sai an hau wani suri da ke tsallaken hanya. Mai furfurar ya hau, ya ɗaga wayar sama, ya kira. Ba ta shiga ba. Ya sake, ta shiga ta katse. Biyu daga cikin samarin sun riga sun ɗaga mutumin tsaye, ɗaya yana riƙe da wuyan rigarsa. Hannuwansa sun kumbura sun yi baƙi. Baba yana addu'a da yarensu, ni ina yin tawa, kuma idona bai bar wayar nan ba. Na tsani kamfanin waya a rayuwata sau da yawa, amma ban taɓa tsanarsa kamar ranar ba.

Can sai muka ji sallama ta fito daga wayar. Tsohon ya buɗe murya yadda kowa zai ji, bai sauko daga surin ba don kada ta yanke. Dillalin ya rantse da Allah cewa mutumin yaronsa ne shekara da shekaru, ko kazar wani bai taɓa ɗauka ba. Da aka ambaci jita sai ya ce ai ta wansa ce, shi da kansa yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ya ce idan an taɓa shi, a zo a taɓa shi shi ma.

Na zaci fuskar babban za ta saki. Ba ta saki ba. Ya nuna gonar da ke bayanmu da baki, ya ce a cikinta aka kashe ƙannensa biyu suna noma, kuma ranar ba wanda ya hau suri ya kira wani. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a kwance shi.

Amma ya ce jitar ba za ta wuce da wannan fuska ba. Akwai wani shingen a gaba, su kuma ba su da mai furfura. Ya zaro wuƙa daga kugunsa ya jefa a kan akwatin. Na miƙa hannu, tunda aikina ne, sai ƙanen ya riga ni. Yatsunsa ba sa riƙo sosai, da hannu biyu ya kama wuƙar. Ya fara daga ido. Man ƙyallin ya yi tauri, wuƙar tana ƙara tana zamewa, fenti yana zuba a kan wandonsa, har jan asalin ya tafi, farin katako ya bayyana. Baba ya juya baya. Ni na kalla har ƙarshe, raina yana ƙuna, ban san ko wa nake jin haushi ba.

Kafin mu tafi na roƙi wanda ya ɗauki hoton ya goge. Ya ce zai goge nasa, amma ya riga ya hau surin ya tura wa mutanensu tun ɗazu, su ma sun tura. Ya faɗa ba tare da mugunta ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Wannan hoton ne ya raba mutumin da Kaura. Bai sake taka kara ba, daga baya aike ya yi aka kai masa iyalinsa.

Wata motar hatsi ce ta ɗauke mu zuwa Zurmi, muna zaune a kan buhuna. A shingen gaba aka buɗe akwatin, aka ga tsohuwar jita da aka kankare, aka ce mu wuce. Da muka shiga lungun gidan sai muka ga takalman mata jibge a ƙofar ɗaki, muka ji kuka. Hoton ya riga mu isowa. Wata maƙwabciya ta gani a wayar ɗanta, da rubutu a ƙasa cewa an kama wani babban ɗan ta'adda a hanyar Kaura, ta gane shi, ta kai wa tsohuwar ta gani da idonta.

Ƙanen ya yi sallama ya shiga. Kukan ya tsaya, sannan ya sake tashi da wata murya. Ni da Baba muka tsaya a waje da akwatin a tsakaninmu, kamar waɗanda suka kawo kayan da ba a aike su ba.

An jima ta fito. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana riƙe da wuyan hannunsa daidai inda robar ta ci, ba ta sake shi ba har ta zauna a bakin ƙofa. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa wa Baba da sunan da marigayin ke kiransa, ta yi masa godiyar abin da ya yi wa ɗanta a duniya. Baba ya fara kwance maɓallin akwatin yana neman yadda zai yi bayani, ta ɗaga hannu ta ce ya bari. Sai ta dube ni.

"Kai na mai zanen?"

"Ni na, Inna."

"Na gani cikin waya. Ya yi kama, hannunka na da kyau." Ta ƙara riƙe wuyan hannun ɗanta. "Amma don Allah kak ka sake zana min ɗa. Shi ɗai yar rage min."